Yadda Ake Gane Ko Bawul ɗin EGR Ne Ke Sa Mota Cijewa da Misin

Wani Alhaji mai harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba ya taɓa shigo mini gareji a nan Agege da Honda Accord ƙirar 2000, wadda 'yan Legas ke kira Baby Boy. Kafin ya buɗe bonet sai ya buɗe but, ya janyo wani buhu ya zazzage a gabana: fulogai huɗu, wayoyinsu, distiribito, famfon mai, har da nozul guda biyu. Duk an canza su cikin wata uku a hannun kanikawa daban-daban, motar kuwa tana nan da halinta.

Na ce, "Alhaji, yaushe take yi maka?"

Ya ce, "Malam, ai kullum ne."

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, a wane wuri? Kana tsaye ko kana tafiya?"

Ya yi shiru, can ya ce, "In tana tsaye lafiyarta lau. Sai na sauko gadar Pen Cinema, hanya ta ɗan buɗe, na ɗora ƙafa a hankali, sai ta fara noƙewa kamar jakin da ya hango rami. In na zuciya na take totur sosai, sai ta warware."

Da jin haka na san an bar jaki ana ta dukan taiki. Fulogin da ya mutu ko famfon da ya gaji ba sa warwarewa don an ƙara musu aiki, ƙara rikicewa suke yi. Abin da ke damun mota a ƙaramin totur ya sake ta a babba, EGR ake fara tuhuma.

Mene ne aikinsa

EGR wata 'yar ƙofa ce tsakanin hanyar salansa da manifol ɗin da inji ke shaƙar iska. Tana ɗibar kaɗan daga hayaƙin da ya riga ya ƙone, kamar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na abin da injin fetur ke shaƙa, ta mayar cikin silinda. Hayaƙin nan ba ya ci da wuta, don haka yana rage zafin ƙuna. In zafin ya haura digiri 1,300 da wani abu, iskar da ke ciki takan rikiɗe ta zama gubar da ake kira NOx, kuma don rage ta aka fara sa wannan bawul a motocin Amurka tun farkon shekarun 1970.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne lokacin buɗewarsa. A motar fetur, bawul ɗin a rufe yake in inji na da sanyi, a rufe yake a silo, a rufe yake in ka take totur har ƙasa. Yana buɗewa ne kawai in inji ya ɗau zafi kana tafiya da matsakaicin gudu. Duk binciken da zai biyo baya a kan wannan ya ginu.

Legas kuwa maƙiyiyar wannan bawul ce. Motar da za ta yi awa biyu tana rarrafe daga Oshodi zuwa Mile 2, ko ta kwana a layi a hanyar Apapa, ba ta samun gudun da zai ƙone dattin cikinta. Baƙin toka na haɗuwa da tururin baƙin mai ya zama wani danƙo kamar kwalta, ya daskare. Ga kuma al'adarmu ta cire tamostat da zarar mota ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can, wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana shan mai fiye da ƙima, tokarsa na ninkuwa.

Mataki na farko: tabbatar motarka tana da shi

Kada ka yi dariya. Na ga wanda aka karɓi kuɗinsa wai an wanke EGR a Camry Big Daddy mai inji 2.4, alhali injin nan, 2AZ-FE, ba shi da wannan bawul kwata-kwata. Haka Corolla mai inji 1ZZ-FE. Tsarin VVT-i ne ke yi musu aikin ta hanyar sauya lokacin buɗe bawul-bawul ɗin kan inji. Amma Camry mai siririyar fitila, ta 1997 zuwa 2001 mai inji 2.2, tana da shi, mai aiki da zuƙar iska. Accord ta 1998 zuwa 2002 tana da shi, mai aiki da lantarki. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, akwai takarda manne a cikin bonet da ke jera kayan tace hayaƙi. In ka ga EGR a rubuce, to akwai. Mai zuƙar iska kamarsa kamar ƙaramin faifai na ƙarfe da siririn tiyo a ka. Mai lantarki kuwa kamar gwangwanin tumatir yake, da soket a samansa.

Mataki na biyu: shiga motar ka saurare ta

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowanne arha. Lalacewar EGR iri uku ce, kowacce da muryarta.

In bawul ya maƙale a buɗe, galibi ɗan ɓarɓashin toka ne ya tokare shi, hayaƙi na shiga a lokacin da bai kamata ba. Mota ba ta riƙe silo. Sitiyari na karkarwa, allurar inji na hawa da sauka, in ka tsaya a danja sai ta mutu, da safe ta yi wuyar tashi. Da ka hau titi ka ba ta wuta sai ta ji sauƙi, domin iskar da ke shiga ta rinjayi hayaƙin.

In hanyar ta toshe gaba ɗaya, silo lafiya, ba misin. Abin da za ka ji shi ne wata ƙara siririya daga inji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in kana hawa gada da kaya da rana tsaka. Zafin ƙuna ne ya yi yawa mai ke fashewa kafin lokacinsa. Kunna na'urar sanyaya ɗaki, ka hau gadar Third Mainland ko ta Ojuelegba, ka rufe rediyo.

Na ukun shi ne mai rikita kanikawa, shi ne na motar Alhaji. A wasu injina, musamman na Honda, hayaƙin ba ta rami ɗaya yake shiga ba. Kowace silinda da ɗan raminta. Ramukan ba sa toshewa tare. In uku suka toshe ɗaya ya rage, rabon silinda huɗu gaba ɗaya sai ya afka wa guda ɗaya, ta shaƙe, ta kasa kama wuta. Shi ya sa misin ɗin ke zuwa a silinda ɗaya tak, a gudun inji wajen juyi 1,500 zuwa 2,000 a minti, da inji mai zafi. Kwamfuta ta ce silinda kaza ce, sai bakanike ya yi ta canza mata fulogi, alhali ita ce kaɗai mai lafiyar hanya.

Saboda haka ka lura da abu uku ka rubuta: inji da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a tafe, ƙaramin totur ko babba.

Mataki na uku: jona kwamfuta

Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'urar da ake jonawa ta yi magana da wayar salula ta ishe ka wannan aikin. Lambobin da suka shafe mu: P0400 matsalar gudun hayaƙin a dunƙule, P0401 bai isa ba, P0402 ya yi yawa, P0403 matsalar wayarin ko solonoyid, wato ɗan makunnin lantarkin da ke sarrafa bawul ɗin, P0404 bawul bai tsaya inda aka umarce shi ba, P0405 da P0406 kuma na sansan da ke auna buɗewarsa ne. Misin yana zuwa da P0300 in yana yawo tsakanin silindodi, ko P0301, P0302 da sauransu, lambar ƙarshe ita ce silindar.

Kada ka bari a goge kafin a rubuta. Yaran gareji na da saurin hannu a nan, su goge fitila ta mutu su ce an gyara. Tare da lambar, ƙwaƙwalwar mota na ajiye hoton yanayin da abin ya faru: gudun inji, zafin ruwa, nauyin da ke kansa. P0303 da ta faɗo a gudun 1,800 da ruwa mai zafi tana nuna EGR da yatsa. In ta faɗo ne daƙiƙa kaɗan bayan tashin safe, nemi laifin a wani wuri, wataƙila ma ruwan lagireto ne ke tsiyaya cikin silinda.

Lamba kuma ba hukunci ba ce. P0401 cewa take hayaƙi bai iso ba, ba ta ce bawul ya mutu ba. A waccan Camry mai 2.2, sau da yawa bawul ɗin garau yake, ɗan solonoyid ɗin da ke ɓoye a ƙarƙashin manifol ne ya daina aiki, ko ɗan faifan da ke daidaita zuƙar iskar ya cika da toka. A motocin Ford kuma sansan DPFE, mai auna matsin hayaƙin, da tiyoyinsa biyu ake fara dubawa. Sannan ana iya samun matsalar EGR ba tare da ko lamba ɗaya ta EGR ba. Motar Alhaji lambar misin kawai ta nuna.

In fitilar cek tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, sassauta ƙafa ka nemi wurin fakin. Ɗanyen mai ne ke wucewa salansa, zai narkar da indomin motar, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuɗinsa kuwa ya ninka na duk wannan gyaran.

Mataki na huɗu: wanke waɗanda ba su da laifi

Nan ba sai an daɗe ba. In motar mai koyil ɗaya a kan kowane fulogi ce, musanya koyil ɗin silindar da ake tuhuma da na maƙwabciyarta. In lambar ta bi koyil, ka kama ɓarawo. Yi haka da fulogi. Duba babban tiyon iska ko ya tsage a lanƙwasa, ka saurari shewar iska a gefen manifol. In duk an musanya misin bai bar silindarsa ba, kuma yana zuwa ne a yanayin da muka faɗa, wuce gaba.

Mataki na biyar: gwada bawul ɗin yana jikin mota

Fara da hannu, da safe kafin a tayar da motar. Tayar da ita ka bar ta a silo, ka riƙa ɗan taɓa bututun ƙarfen da ke kai hayaƙi ga bawul, ta ɓangaren manifol, in motar na da irinsa. Ya kamata ya jima bai yi zafi ba. In cikin minti ɗaya ko biyu ya fara ƙuna, hayaƙi na ratsawa, bawul bai rufe ba. Taɓawa da bayan yatsa, ba damƙa ba.

Ga mai zuƙar iska: bari inji ya yi zafi, cire siririn tiyon da ke kansa, ɗora yatsa a bakin tiyon. A silo bai kamata ka ji zuƙa ba. In ka ji, kuma silo ya gyaru da cirewar, to solonoyid ne ke buɗe bawul ba bisa ƙa'ida ba. In babu zuƙa, jona ɗan famfon hannu mai zuƙar iska a kan bawul ɗin ka ja. Inji mai lafiyayyar hanya zai yi tari nan take, ya nemi mutuwa ko ya mutu. Wannan tarin albishir ne. In ka ja allurar famfon ta koma sifili, fatar ciki ta yage. In allura ta tsaya, bawul ya ɗaga, amma inji ko a jikinsa, hanya ce ta toshe.

Mai agogon auna zuƙar manifol ya jona shi. Inji mai lafiya a silo yana ba da inci 17 zuwa 21, kuma da yake Legas a bakin teku take, lambar littafi ita za ka gani, ba kamar Jos ba inda tudu ke rage ta. Allurar da ta sauka ƙasa tana rawa tana ƙarfafa zargin bawul a buɗe, ko da yake iskar da ke shiga ta wata kafa ma na yin haka.

Ga mai lantarki: kashe mota, zare soket, tayar, ka bi hanyar da take yi maka cijewar. Fitilar cek za ta kama, ba komai. Da Alhaji muka yi haka, muka hau Agege Motor Road muka nufi Ikeja. Mota ta miƙe sumul. Ya waigo ya ce, "Malam, me ka yi mata?" Na ce, "Soket ɗaya na cire, Alhaji, ban gyara komai ba tukuna." Muka tsaya na mayar, ba mu yi nisa ba ta koma noƙewarta.

Sai dai zare soket ba ya rufe bawul ɗin da toka ta tokare. In matsalarka ta silo ce, sai gwajin gwangwani. Kwance bawul, ɗora gasket ɗinsa a kan fallen gwangwanin madara, zana, yanke da almakashi, huda ramukan noti kawai, ka bar wurin hayaƙin a toshe. Sa shi tsakani ka ɗaure. Kada ka yi da gwangwanin lemo, laushi gare shi, hayaƙi zai cinye shi ɓarɓashin ya shige inji. In silo ya daidaita, magana ta ƙare. In bai canza ba, cire fallenka ka bar EGR ya huta, ba shi ne ba.

Mataki na shida: kwancewa da wankewa

Bari inji ya huce sarai, cire kan batir na baƙar waya. Notinan nan sun sha zafi da iskar gishirin Legas, fesa musu man kwance tsatsa ka je ka sha shayi ka dawo. Wanda ya murɗe da ƙarfi ya karya ƙusa a cikin manifol, garin neman gira ya rasa ido.

Juya bawul ɗin ka dubi bakinsa. Akwai ɗan sanda mai kai kamar ƙusa da ke zama a kan mazauninsa. Fesa maganin wanke kafireta, kankare da tsohon buroshin haƙori da ɗan tsinken ƙarfe, ka riƙe shi yadda ruwan ba zai gangara cikin ɓangaren lantarki ko fatar ba. Kada a tsoma shi gaba ɗaya cikin bokitin fetur yadda wasu ke yi. In ya fita, tura sandan da sukundireba, ya kamata ya shiga ya dawo ba gargada. Sai ka cika ramin ɗaya da maganin ka ajiye minti biyu. In ya tsiyaye ta ɗaya ramin, mazaunin ya cinye, wanki ba zai yi ba.

Yanzu babban aikin, wanda akasari ake gudu: hanyar cikin manifol. Wanke bawul a mayar da shi kan toshasshiyar hanya wahalar banza ce. Abin da nake amfani da shi tsohuwar wayar kulocin babur ce, in warware bakinta ya yi buzu-buzu, in zura ina juyawa. A Accord mai silinda huɗu ta waɗannan shekarun, akwai fallen murfi a kan manifol ƙarƙashin layin nozul. In za ka taɓa layin, tun kafin ka cire kan batir ka kwance bawul, zare fiyus ɗin famfon mai ka tayar da mota har ta mutu da kanta, don ƙarfin man ya sauka, kuma kowa ya kashe sigarinsa. Da muka ɗaga murfin motar Alhaji, ramuka uku sun shafe, sai da na kankare kafin in gane inda suke. Na huɗun ne kaɗai ke leƙe. Na ce wa yarona ya miƙo madubi Alhaji ya gani da idonsa, ya duba ya duba, ya waiga ya kalli buhunsa, ya ce, "Innalillahi." Kankare kowane rami har ya koma girmansa, kana zuƙe tokar ko kana share ta waje, kada ka tura ta ciki. Zoben robar nozul da ya bushe a canza shi, ɗigon fetur a kan inji mai zafi ba abin wasa ba ne.

Sa sabon gasket. Gam ba ya jure zafin wurin nan, zai ƙone ya ɓalle ya je ya tokare bawul ɗin da ka gama wankewa.

Mataki na bakwai: in sai an saya, da gwajin ƙarshe

In za ka kasuwar kayan mota ta Ladipo, tafi da tsohon a hannu. Gwada lambar jikinsa, ƙirga bakin soket, dubi tazarar ramukan noti. Na Beljiyam ma daga jikin wata mota aka ciro shi da tokarsa, don haka yi masa gwajin tsiyayar nan a gaban mai shago kafin ka biya, ku kuma yi magana a kan dawowa da shi in bai yi ba.

Bayan haɗawa, goge lambobi, bari inji ya yi zafi har fanka ta kama, sannan ka koma ainihin hanyar da take yi, da irin takun da take yi. Ƙwaƙwalwar mota ba ta gwada EGR a tsaye. Sai an yi tafiya, wasu ma sai ka saki totur daga gudu. Lamba irin P0401 takan buƙaci tafiya biyu kafin ta kunna fitila, don haka kada ka yi murna ranar farko. Ba ta kwana uku.

Za a ce maka a bar fallen gwangwanin nan kawai, ai mota ta gyaru. Ni ba na barinsa a motar fetur. Ƙarar tsakuwar nan za ta biyo baya, in ta daɗe tana cin fistin. Fitilar cek za ta zauna a kunne, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. Hayaƙin kuma mu ne dai ke shaƙarsa a gosulon Ikorodu Road. In an cire tamostat a mayar, in an fasa indomi an zubar a sani cewa bawul mai dogaro da ƙarfin hayaƙin salansa, irin na Camry ɗin can, ba lalle ya sake buɗewa daidai ba.

Masu Hilux da Hiace na dizal, naku ya ɗan bambanta. A dizal bawul ɗin yakan buɗe har a silo, tokarsa ta fi yawa, takan cike manifol ɗin kansa har hanyar iska ta tsuke. Alamar ita ce baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, ba misin irin na fetur ba. Da yawansu kuma suna da 'yar tukunyar da ruwan lagireto ke sanyaya hayaƙin kafin ya shiga. In ruwa na raguwa ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, ga farin hayaƙi a salansa, sa a gwada wannan tukunyar kafin a kwance maka kan inji a ce gasket ne ya ƙone.